Sawun Tsintsiya

Kafin hantsi ya ɗaga, duk layin ya san an sace takardar gidan Mai Ɗinki, har da waɗanda sai ranar suka fara jin cewa gida ma yana da takarda. Mata suka cika tsakar gida, maza suka yi cirko-cirko a ƙofa, kowa da ɓarawonsa a baki.

Shekara goma sha tara ke nan da ita da mijinta Kafinta suka haɗa guminsu suka sayi filin. Shi ya ɗora rufi, ita ta ɗinka labule, aka rubuta sunayensu biyu a takarda ɗaya. Allah bai ba su haihuwa ba. Wata huɗu da suka wuce auren ya mutu, ba zagi ba duka, kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Kafinta ya koma kwana a shagonsa, ya ce ya bar mata rabinsa na gidan duniya da lahira. Amma ofishin filaye ba ya aiki da duniya da lahira. Sai su biyun sun je da ƙafarsu, da takardar asali a hannu, kafin a tashi ƙarfe huɗu na yau. Gobe da sassafe Kafinta zai tafi wani aiki mai nisa na shekara uku. In rana ta faɗi ba a sa hannu ba, rabin gidan yana nan da sunansa, kuma wansa Direba ya riga ya faɗa a gaban jama'a cewa zai ja katanga ta tsakiya ya zuba 'ya'yansa a ciki.

Shi ya sa aka aika a kira Baba Sawu.

*

Baba Sawu ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun dabbobin da aka sace. Da aka shimfiɗa kwalta ko'ina sai sana'ar ta rame, ya koma nemo wa mutane awaki da makullai. Tafiya yake kansa a sunkuye, har ana tsokanarsa cewa tun yana saurayi ya yar da allura bai gan ta ba. Shi kuwa bai damu ba. In ya dubi ƙasa, mutanen jiya yake gani suna tasowa daga sawunsu, fari-fari kamar tururin kwalta da rana, suna sake tafiyar da suka yi.

Da ya leƙa tsakar gidan sai da ya dafe kai. Ƙafa ta fi arba'in ta tattake wurin.

"Sannunku da aiki," in ji shi. "Ɓarawo ya gode. Ku fita a hankali, ta gefen hagu."

Suka fita suna ƙunƙuni. Ya sami Mai Ɗinki a ɗakin ɗinki, zaune a gaban kekenta, da buɗaɗɗen akwatin ƙarfe a cinya. Idonta ya bushe, irin bushewar da ta fi kuka ciwo.

"'Yata, ina akwatin yake zama?"

"Ƙarƙashin teburin yanka, Baba. Makullin kuma a gwangwanin maɓallai, can ƙasa."

"Yaushe rabonki da takardar?"

"Jiya da rana. Na duba ta, na mayar, na tafi ɗaukar hoton da ofis suka ce a kawo. Layi ya riƙe ni, sai dab da magariba na dawo."

"Me kuma aka ɗauka?"

"Ko zare. Ga 'yan kunnena na zinariya a aljihun tebur na sama, ko taɓa su ba a yi ba."

Baba Sawu ya durƙusa. Ɗakin tela ba ya rabuwa da garin alli da guntayen zare, amma simintin nan tas yake, har lungun bayan keke. Ya shafa, ya dubi yatsansa.

"Da kika dawo kin yi shara?"

"Ni da ko abinci ban iya ci ba? Tun sassafen jiya rabona da tsintsiya."

"Wa ke gidan da kika fita?"

"Inna kaɗai. Mahaifiyar Kafinta." Ta yi nuni da ɗakin da ke ƙarshen tsakar gida. "Amma shekara guda ke nan tun da ta faɗi, ƙafafunta ba sa ɗaukarta. Ni nake fito da ita ta sha hantsi, ni nake mayar da ita."

*

Ɗakin Inna sanyi gare shi, yana ƙamshin man zafi da tsohon tufafi. Haske yana shigowa ta farin labule, ƙura tana yawo a cikinsa ba ta sauri. Tsohuwar tana kishingiɗe a kan katifa a ƙasa, 'yar ƙarama kamar an ninke ta. A bakin ƙofa akwai jakunkuna biyu a ɗaure.

"Inna, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya yi nasa wuri. Kai ne mai neman allura? Har yanzu ba ka gan ta ba?"

"Ina nan ina dubawa. Jiya da yamma ba ki ji motsi ba?"

Ta lumshe ido. "Ni yanzu barci da farke duk ɗaya ne. Ina jin ana tafiya, in duba in ga mahaifinsu ne, shi da ya shekara talatin a ƙasa. Wani lokaci in ji keke yana ɗinki, alhali yarinyar nan ta fita. Wane motsi zan ba ka a ciki?"

"Kayan wa aka ɗaure?"

"Nawa. Jibi babban ɗana zai zo ya ɗauke ni. Gidansa bene ne, hawa uku. An ce daga sama ana hango duk gari." Ta juya fuskarta bango. "Ni da na gama kallon gari."

Ya yi mata sallama ya fito. Tausayinta ya kama shi, amma tausayi ba sawu ba ne, sai ya bar shi a bakin ƙofa.

*

A wajen katanga, ta gefen da rana ke faɗuwa, ya sami abin da layin ke so ya samu: sawun takalmi babba, dunduniyar dama a cinye, irin ta mai taka birki. Sawun ya bi jikin katanga da faɗin taki daidai wa daida, ya tsaya, ya juyo.

Mai sawun, Direba, yana zaune a bencin mai shago yana karkaɗa makullin mota, Dillali mai cinikin gidaje a gefensa. Mutane sun ba su fili kamar masu ƙyanda.

"Taki goma sha huɗu," in ji Baba Sawu. "Me kake aunawa?"

Direba ya hura hanci. "Inda zan fasa ƙofa. Ƙarya zan yi? Ƙanena ya zube shekara goma sha tara a gidan nan, sannan ya tashi ya kyautar kamar tsohuwar riga. Ban yarda ba, kuma ban ɓoye ba. Amma ƙafata ba ta shiga ba."

"Biri dai ya yi kama da mutum," wata mata ta faɗa daga baya.

"Ya yi kama," in ji Baba Sawu, "amma wannan birin a waje ya tsaya. Kai fa, Dillali? Takalminka mai tsini ya kai bakin ƙofa."

Dillali ya gyara hula. "Baba, ni duk inda aure ya mutu nakan je gaisuwa, in bar katina. Ko za a sayar. Na yi sallama sau uku, ba a amsa ba, na soka katin a ƙyaure na wuce."

Haka ƙasa ma ta ce. Jama'a ba su ji daɗi ba, don sun riga sun gama yanke hukunci, hujja kawai suke jira.

*

Shagon Kafinta yana bayan kasuwa. Baba Sawu ya same shi yana naɗe zarto a tsumma, garin katako ya yi masa furfurar da ba tasa ba.

"Jiya ka shiga gidan," in ji Baba Sawu. "Ragowar sawunka yana gindin lemo. Ka tsaya kana fuskantar tagar ɗakin ɗinki, ka daɗe, har ka canja ƙafa sau uku."

Kafinta ya ajiye zarton. "Har yanzu da makulli a hannuna, Baba. Na ce bari in je in mayar mata. Na tarar ba ta nan."

"Sai ka tsaya kallon taga."

"Ni na yi tagar. Na ga kamar tana ciki tana ɗinki, kamar in na yi tari za ta ɗago ta ce in cire takalmi. Na san ba kowa. Na dai tsaya."

"Mutane suna cewa ka yi nadamar kyautar."

"Nadama ina da ita buhu-buhu, amma ba ta gidan ba. Gidan nata ne. Da allura ta tayar da rabin katangar nan."

"Ka leƙa mahaifiyarka?"

"Na leƙa. Na gaya mata yau za a cire sunana, jibi Yaya zai zo ya ɗauke ta. Ba ta ce komai ba."

"Da ka fito, tsakar gidan a share yake?"

Kafinta ya yi tunani. "A'a. Ganyen lemo ya zuba ko'ina. Har na ce a raina, da ina gidan da na sha faɗa."

*

Rana ta take tsaka lokacin da Baba Sawu ya koma. Gidan ya yi tsit, sai kurciya a kan katanga. Ƙafafunsa sun gaji, ya jawo wani bulo ya zauna a inuwar tankin ruwa. Ƙamshin furen lemo ya cika wurin, gyangyaɗi ya fara ɗibarsa. Mutanen jiya suka taso suna wucewa ta gabansa: Direba yana ƙirga takinsa a waje, Dillali da katinsa, Kafinta tsaye kamar an dasa shi. Wanda ya shiga ɗakin ɗinki ne kawai ya ƙi tasowa. Ya share sawunsa, ya share ganye, ya share har lungun bayan keke. Wane irin ɓarawo ne yake da lokacin share lungu?

Ya buɗe ido. Daga inda yake zaune, ƙasa-ƙasa, hasken ya kwanta a jikin katanga inda ƙafar jama'a ba ta kai ba, sai ya ga zanen tsintsiya. A can bakin ƙofar gida sharar Mai Ɗinki ce ta jiya da safe, dogayen layuka a miƙe, ta mai tafiya a sunkuye. Ta nan kuwa lanƙwashe take, rabin da'ira bayan rabin da'ira, kamar ruwan da aka jefa wa tsakuwa, kowacce tsawon hannu ɗaya.

Ya miƙa hannu daga kan bulon ya zana a iska. Hannunsa ya yi lanƙwasar nan daidai.

Ya duba gefen tankin, inda ɗigon ruwa ya jiƙa ƙasa. Ga ramuka huɗu ƙanana, sun nutse fiye da yadda tsintsiya za ta iya shafewa. A nan mai sharar ya tsaya ya huta. Ya bi da'irorin da ido, ɗaya bayan ɗaya, suna ja da baya har inda suka ƙare.

Baba Sawu ya daɗe a zaune. A shekara hamsin na bin sawu, yau ne karo na farko da ya so a ce an yi ruwan sama da safe.

*

Ƙarfe biyu ya tara su a gindin lemo: Mai Ɗinki, Kafinta, Direba da Dillali. Maƙwabta suka maƙale a ƙofa, wasu a kan katanga. Ya sa aka ɗage labulen Inna, wai don ta sha iska.

"Ni ba na kiran sunan kowa," in ji shi. "Abin da ƙasa ta faɗa nake maimaitawa. Dillali bai wuce ƙyaure ba. Direba ya auna katanga ya tafi, Allah ya shirye shi. Kafinta ya tsaya a nan, amma tsintsiya ta bi ta kan sawunsa, ke nan bayan tafiyarsa aka shiga ɗakin."

"To wane ne?" in ji Direba. "Aljani?"

"Wanda ya shiga bai taɓa aljihun tebur na sama ba, abin da ke ƙasa kawai ya taɓa. Da ya fito ya ce bari ya share bayansa. Ɓarawo layin ƙafarsa kaɗai yake sharewa. Wannan kuwa hannunsa ya saba, ba ya iya ganin datti a lungu ya wuce. Kuma a zaune ya yi sharar. Ya share gabansa, ya ja kujera baya, ya share, ya ja baya. Daga ɗakin ɗinki zuwa inda ya fito taki ashirin ne ga mai ƙafa. Shi na ƙirga masa zama talatin da ɗaya."

Mai Ɗinki ce ta fara juyawa, a hankali, kamar mai tsoron abin da za ta gani.

"Talatin da uku," in ji wata siririyar murya daga ɗakin ƙarshe. "Idonka ya fara tsufa, mai allura."

Aka ji ƙarar katako a kan siminti. Inna ta bayyana a bakin ƙofarta a kan kujera 'yar tsugunno, tana dafa ƙasa da tafin hannu, tana jan kujerar, tana hutawa. Gwiwar hannunta duk ta goge. Ta zaro takardar daga cikin zaninta, a naɗe a leda, ta rungume ta a ƙirji.

"Inna!" Direba ya yi tsalle. "Kin kashe mu da kunya a gaban mutane! Ai ba sai jibi ba, yanzu zan ɗauke ki."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Mai Ɗinki take kallo.

"Ba ƙona ta zan yi ba, 'yar nan. Cewa na yi in yau ta wuce, ya tafi, sunansa yana nan, to ni ma ina nan. Uwar mai rabin gida ce, wa zai ce ta tashi? In an goge shi kuwa, ni wace ce a nan? Da akwai jika, da na ce jikana nake tsaro. Babu. Shekara guda cur kina juya ni, kina wanke ni. Ba na son ganin gari daga sama. Nan nake so in mutu, inda nake jin kekenki."

"Me ya hana ki faɗa, Inna?" in ji Kafinta, da ƙyar.

"Da wane baki? In roƙi matar da ɗana ya saka ta ci gaba da kwashe mini fo?"

Mai Ɗinki ta taka zuwa bakin ƙofar ta durƙusa. Kukan da ya ƙi zuwa tun safe sai yanzu ya samu hanya.

"Ni ma da wane baki, Inna? Wata huɗu ina so in ce a bar mini ke. Na ce za a ce na karɓi gida, yanzu kuma ina son ƙwace musu uwa. Ina kuka na ɗaure jakunkunan nan." Ta kama hannun tsohuwar. "Ɗanki ne ya sake ni. Ni ban sake ki ba."

Direba ya buɗe baki. Kafinta ya ce, "Yaya, don Allah," sai ya rufe.

Inna ba ta saki takardar nan take ba. Yatsunta sun ƙanƙame ledar, sai da ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

"To tashi," in ji ta. "Ki wanke fuska, ki canja mayafi. Kar ki je ofishin mutane kamar wadda aka koro."

*

Uku saura kwata suka fita, Kafinta a gaba, ita a baya da takarda. Jama'a suka watse ba ɓarawon da za su kai gida. Da yake ba mai zama da tsohuwar, Baba Sawu ya zauna a bakin ƙofarta. Inuwar lemo ta yi ta tsawo har ta taɓa ƙafarsa.

"Mai allura," in ji Inna can, "in an sa hannun nan, shi ke nan ya fita?"

"Shi ke nan, Inna."

"Mutane kan faɗi magana a gaban jama'a, in takarda ta shiga hannu kuma zuciya ta sake shawara."

Bai ce mata a'a ba, don ya sha gani. Suka ci gaba da jira, ita tana sauraren ƙofa, shi yana kallon ƙasa.

Biyar ta wuce aka turo ƙyaure. Mai Ɗinki ce ita kaɗai, da sabon ambulan a hannu. Ba ta nufi ɗakinta ba, ba ta nemi inda za ta adana shi ba. Ta ratsa tsakar gidan kai tsaye, ta ɗora ambulan ɗin a cinyar tsohuwar.

"Riƙe mini, Inna," in ji ta.

Sannan ta durƙusa a bakin ƙofa ta fara kwance jakar farko.